Daga Kumasi zuwa Tamale: jirgi ko mota, wanne ya fi sauri?

Ranan na ba 'yan ajina lissafi da taswirar Ghana da rula. Suka auna, suka samu tsakanin Kumasi da Tamale ta sama wajen kilomita 320 ne. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe in an yi rasuwa da asuba a Tamale, mutumin Kumasi zai samu jana'iza da azahar ke nan." Na ce masa a taswira dai haka ne.

Galibi mai son tashi daga Kumasi zuwa Tamale sai ya fara gangarawa Accra. Wato ya yi kilomita kusan 200 zuwa kudu, tafiyar minti 40, sannan ya juyo arewa kilomita 400 da ɗoriya, wajen awa ɗaya. Ka haɗa da zuwa filin jirgi awa guda kafin tashi, da zaman jiran jirgi na biyu, da kilomita kusan 20 daga filin Tamale zuwa cikin gari. Awa biyar ko shida sun tafi, ga kuɗin tikiti biyu. Mai mota kuwa, in ya bi ta Techiman da Kintampo, kilomita kusan 380, cikin awa shida ko bakwai ya iso. In kuma lokacin hunturu ne hazo ya rufe sama, to mai motar ma sai ya riga shi.

An gyara filayen, babu musu. An buɗe sabon ginin filin Tamale a 2023, na Kumasi a 2024, kuma tun 2016 alhazan arewa suka fara tashi kai tsaye daga Tamale, wanda ya rage wa tsofaffinmu wahala ƙwarai. Amma gini ba ya kawo jirgi. Kamfani kujeru yake ƙirgawa. Jirgi mai kujera 50 yana ƙona mai sosai wajen tashi, kuma sai ya biya kuɗin sauka ko tafiyar gajera ce. In rabin kujerun babu kowa, asara ce zalla. Shi ya sa kowace hanya take komawa Accra, inda ma'aikatu da manyan 'yan kasuwa suke.

Ho ta nuna mana haka. An fara jigila can a ƙarshen 2021, ba a yi wata shida ba aka daina saboda ƙarancin fasinja. Wa zai biya tikiti a kan tafiyar da mota ke yi cikin awa uku?

Inda jirgi yake da amfani na gaske shi ne Accra zuwa Tamale ko Wa, domin a mota yini guda ne cur. Amma mutumin Bolgatanga, in ya sauka Tamale, da sauran kilomita 160 a gabansa, na Bawku ma ya fi haka. A ganina, duk lokacin da ɗan siyasa ya zo zango da alkawarin sabon filin jirgi, a tambaye shi jirgi nawa zai sauka a mako, daga wane gari, kuma wa zai gyara titin da za a bi daga filin zuwa gida.