Masu cewa Shehu Abdullahi ya ƙare, ku zo mu yi magana

1/ Maganar yau doguwa ce, mai sauri ya wuce. Hutun nan da na komo gida Araba daga makaranta na ji wata magana a gidan kallon ƙwallo, kuma har yau ta ƙi barin raina.

2/ Wani ya ce: "Shehu Abdullahi ai ya ƙare. Wa ka zuwa Turai ya komo Kano Pillars?" Aka kwashe da dariya. Cikin masu dariyar har da ƙanena ɗan shekara 16, wanda a makon nan yake damun Baba a sayar da raguna a biya wani dillali da ya ce zai kai shi gwaji Turai.

3/ Ta ina? Ta Konni, nan bayan gidanmu. Daga can Agadas, daga can sai abin da Allah ya yi. Ni a ganina dariyar nan da dillalin nan ciwo guda ne: mun ɗauka ƙwallo tsalle ɗaya ce daga filin makarantar firamare zuwa Ingila.

4/ To bari mu bi sawun wanda kuke wa dariya. An haifi Shehu a Sakkwato a 1993. Ya buga wa Plateau United a Jos, sannan Kano Pillars a lokacin da take kan ganiyarta, shekarun da ta ɗauki kofin ƙasa sau uku a jere, 2012, 2013 da 2014.

5/ Daga gasar gida Stephen Keshi ya ɗauke shi zuwa CHAN ta 2014 a Afirka ta Kudu, Najeriya ta zo ta uku. Bayan nan ne ƙofar waje ta buɗe. Kuma ba Landan ya fara ba, Qadsia ya tahi, ƙasar Kuwait.

6/ Sai União da Madeira a Fotugal, Anorthosis a tsibirin Saifurus, Bursaspor a Turkiyya, Omonia inda sunka ci kofin Saifurus a 2021, sai Levski Sofia a Bulgeriya. A tsakani ya ciyo tagulla a Olamfik ta Rio a 2016, ya kuma buga Kofin Duniya na 2018 a Rasha.

7/ Duk wannan da mi? Ba shi ka cin ƙwallaye ba. Mai tsaron baya ne, in an rasa ɗan tsakiya a sa shi, ya yi aikin ba gardama. Irin ɗan wasan da koci ke so, 'yan kallo ba su riƙe sunansa. Wanga ne ya ƙare? Kai da ke dariya, ko kofin unguwa kun taɓa ɗauka?

8/ Ahmed Musa da kuke rantsuwa da shi ma hawa-hawa ya yi. JUTH a Jos, sannan Pillars inda ya ci ƙwallo 18 a kaka guda. VVV-Venlo ta Holan ta so shi a 2010, amma sai da aka jira ya cika 18 a watan Oktoba. Daga nan CSKA Moscow, Leicester kuwa sai 2016. Shi ma ya komo Pillars.

9/ Ku riƙe wannan jiran da kyau. Dokar FIFA ta hana a ɗauki yaro ɗan ƙasa da 18 zuwa kulob na wata ƙasa, sai bisa wasu sharuɗɗa ƙalilan. Saboda haka duk wanda ya ce zai kai ɗan shekara 16 Turai ya sa hannu a kwantiragi, ta mota, ba takardar gayyata, ba biza, wallahi kuɗinku yake so.

10/ Bari in kawo misali daga wani wasan. Amurkawa na da besbol, na sanda da ƙaramar ƙwallo. Kusan kowa a can ƙananan rukunai yake farawa, hawa kan hawa, kowane hawa da kulob ɗinsa da kocinsa da lissafin abin da ka yi a kowane wasa.

11/ Gift Ngoepe ɗan Afirka ta Kudu ne, mai tsaron cikin fili. Pittsburgh Pirates ta ɗauke shi a 2008. Bai taka babbar gasar ba sai 26 ga Afrilu 2017, kusan shekara tara yana hawan tsani. Shi ne haifaffen nahiyar Afirka na farko da ya kai wurin. Ba wanda ya ce masa ya makara.

12/ Na san abin da za a ce: "Ai Osimhen ruwan leda ya sayar a Legas." Gaskiya ne. Amma ya bi ta makarantar ƙwallo, ya ci ƙwallo 10 a Kofin Duniya na 'yan ƙasa da 17 a Chile a 2015, sannan Wolfsburg ta ɗauke shi. Ba a bayan Hilux ya isa Jamus ba.

13/ Za a kuma ce gasar gida ba kuɗi, ana bin kulob albashi wata da watanni. Wannan ma ban musa ba. Ni ma na san abin da ke sa yaro ya kalli hamada ya ga kamar hanya ce. Amma gyara tsanin za a yi, ba a ce wa yaro ya faɗa rijiya ba.

14/ Nan ne laifin manyanmu. Tsakanin filin ƙasa na Araba da filin wasa na Giginya a Sakkwato, matakala nawa ce? Yaron Illela, Gada ko Gwadabawa da ya iya ƙwallo, wa ke rubuta sunansa? Abin da munka saba gani shi ne kofin siyasa: zaɓe ya matso a raba riguna, a ɗauki hoto, sai kuma bayan shekara huɗu.

15/ Kuma asara muke yi. A tsarin FIFA, in an sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 ga ƙungiyoyin da sunka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Kulob mara rajista, yaro mara kati, ko sisi ba ya zuwa.

16/ Abin da nake nema ba mai tsada ba ne: gasar ƙaramar hukuma da ake yi kowace shekara, kulob masu rajista da hukumar ƙwallo ta jiha, katin kowane yaro da shekarunsa na gaskiya, da mai zuwa daga Sokoto United ya zauna ya kalla.

17/ Ƙanena na fushi da ni. Ya ce, "Yaya, kai boko ya ɓata ka, ba ka son in ci gaba." Baba dai bai sayar da ragunan ba tukuna. Na ce masa in da gaske yake, ni zan biya kuɗin mota mu tahi Sakkwato a gan shi a fili, da idon koci.

18/ Dillalin na nan yana zagaya gidaje. In ya zo naku, ku tambaye shi sunan kulob ɗin, takardar gayyata da lasisinsa na FIFA. Ku dubi fuskarsa lokacin da zai amsa. Allah ya tsare mana yaranmu.