Batirin kwamfuta: Mu daina cinikin biri a sama

Kwamfutar tafi-da-gidanka ta daɗe da zama kayan sana'a a kasuwanninmu na kan iyaka. Da ita masu shirya takardun duwan ke aiki a Sinkase, da ita masu buga takardu ke neman abinci a Dapaong da Sokode, haka kuma 'yan kasuwa da dama sun mayar da lissafin bashi da na kaya cikinta. Galibin waɗannan kwamfutoci na hannu ne, sun yi aiki a Turai ko Amurka kafin su sauka a tashar jiragen ruwa ta Lome ko su biyo ta Legas. Abin da ke fara mutuwa a jikinsu kuwa shi ne batir. A ƙasar da ake ɗauke wuta, kamar yadda aka sha fama a shekarar 2024, kwamfuta marar batir tana iya barin mutum a tsakiyar aiki, ga mai kaya tsaye a kansa, ga direba na jira.

To, a nan ne rigima ke tasowa. Mutum ya sayi sabon batir, ya kai gida ya saka, kwamfuta ta ƙi tashi, ko kuma ta tashi amma da zarar an zare caja sai ta mutu. Ya koma shago a fusace yana cewa an sayar masa da jabu. Mai shago ya rantse cewa yadda ya saro shi a kwali haka ya miƙa, kuma ai kaya sun fita, ba a mayarwa. Daga nan sai zage-zage, wani lokaci har gaban sarkin Zango ko ofishin 'yan sanda, a kan abin da gwajin rabin awa zai warware.

Ra'ayinmu a nan shi ne, laifin ya fi yawa a kan yadda muke cinikin. Mun ɗauki batir kamar ƙarfe ko bokiti, wanda zai shekara a shago bai canza ba. Alhali batir kaya ne mai lalacewa, ɗan'uwan goro ne. Kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja, suna yada zango a Didawure ta Sokode da Sansanne Mango, ba su taɓa sayen huhun goro a rufe ba. Sai an kwance, an duba ko sankara ta shiga, kafin ciniki ya faɗa. Mu jikokinsu ne muka koma sayen kaya a kwali ba gwaji.

Ga abin da ya sa muka ce yana lalacewa. Batirin litiyom, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, yana zubar da cajinsa a hankali ko ba a amfani da shi, kuma zafi yana ƙara masa saurin tsufa. Tun daga watan Afrilun 2016 dokar sufurin jiragen sama ta duniya ta hana a ɗauko irin wannan batir shi kaɗai da cajin da ya wuce kashi 30 cikin 100, don gudun gobara. Ke nan yana iya isowa da ɗan caji kaɗan. Sai ya yi watanni a sito a Lome, ya yi tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Dapaong, ya zauna a shagon kwano cikin zafin Maris da Afrilu da ke kai maki 40. Idan ƙwayoyin da ke cikinsa suka yi ƙasa ƙwarai, wata 'yar na'urar tsaro da ke cikin batirin takan kulle shi, ya ƙi karɓar caji. Sabo ne a ido, amma ya mutu a kwali, kuma mai shago bai sani ba.

Sai dai ba kullum ne laifin batir ba, shi ya sa muke kira ga mai saye da ya bi abin daki-daki kafin ya ɗaga murya. Da farko a cire batirin, a jona caja kaɗai. Galibin kwamfutoci za su tashi a haka. In ta ƙi tashi, to a fara zargin caja, ko ramin da ake soka ta, ko allon cikin kwamfutar, domin batir goma ma ba za su magance matsalar ba. Na biyu, a ajiye tsohon batir kusa da sabo a karanta rubutun jikinsu. Lambar samfuri ta zama ɗaya, ƙarfin wuta ya zama ɗaya. Mai bolt 10.8 da mai 11.1 'yan gida ɗaya ne, haka mai 14.4 da mai 14.8, amma na farkon da na biyun ba kullum suke maye gurbin juna ba ko da sun shiga rami ɗaya daram. Kama da wane ba ta wane.

Na uku, a cire caja da batir duka, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, sa'an nan a mayar da su. Wannan yakan farkar da kwamfutar da ta rikice. A sababbin kwamfutoci masu batir a ciki, a tabbata wayar batirin ta zauna sosai a mazauninta, kuma wannan aikin mai gyara ne. Na huɗu, a bar ta a kashe tana caji na wasu awoyi, domin batirin da ya daɗe a ajiye yakan ɗauki lokaci kafin ya farfaɗo.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba game da caja. Cajar Dell mai zagayayyen baki tana da wata siririyar allura a tsakiya, ta nan kwamfutar ke gane irin cajar da aka jona mata. Idan allurar ta karye, ko cajar jabu ce, kwamfutar za ta yi aiki amma ta ƙi cajin batir. Haka nan caja mai wat 45 ba lallai ta ɗauki nauyin kwamfutar da ke bukatar 65 ko 90 ba. Wasu kwamfutocin Lenovo kuwa an yi su ne yadda za su ƙi cajin batirin da ba na kamfanin ba. A duk waɗannan, batirin lafiyarsa ƙalau, an zagi mai shago a banza.

Amma fa kada 'yan'uwanmu masu shago su ce mun wanke su. Kowa ya san akwai batiran da ake fasa tsofaffi, a tsinci ƙwayoyin da ke da sauran numfashi, a zuba a sabon gida, a manna tambarin babban kamfani. Irin wannan yakan nuna ya cika, bayan minti goma ya mutu. Gano shi ba wuya. Daga Windows 8 zuwa sama, duk mai gyara da ya san aikinsa zai iya rubuta umarnin powercfg /batteryreport, kwamfutar ta fito da ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma ƙarfin da ya rage masa yanzu. Idan sabon batir ya nuna rabi, magana ta ƙare. In ana shakkar rahoton, a cika shi, a zare caja, a zauna a ga awa nawa zai yi. Gani ya kori ji.

Maganar ba ta tsaya kan kuɗi kaɗai ba, har da rai da dukiya. A 2006 kamfanin Dell ya janye batira miliyan 4.1 da Sony ya ƙera masa, saboda wasu sun kama da wuta. A 2016 Samsung ya dakatar da wayarsa Galaxy Note 7 baki ɗaya saboda matsalar batir. Idan manyan kamfanoni masu ɗakunan gwaji sun gamu da haka, ina ga wanda aka haɗa a bayan shago? Batirin da ya kumbura, ko yake zafi fiye da kima, ko yake wari, a cire shi nan take. Kada a huda shi, kada a bar shi yana caji cikin dare a rumfar da ke maƙare da atamfa da katifu. Mun san abin da gobara ta yi wa manyan kasuwannin Kara da Lome a watan Janairun 2013, ba ma fatan ganin irinta ko daga wane dalili.

Wani mai shago zai ce, to ni ma haka na saro, babu wanda ya ba ni garanti, in na karɓi kayan da aka mayar wa zai biya ni? Wannan magana ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. Amsarmu ita ce, sharaɗin ya faro daga sama. Wanda ke saro kaya a Dekon ta Lome ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja ya nemi dilansa ya amince da mayar da wanda ya mutu, in ya ƙi a canza dila. Kuma kada a tara batira masu yawa a shago don an samu araha, a sayo daidai wanda zai fita cikin 'yan watanni, a ajiye a inuwa. Malamanmu ma sun karantar cewa mai saye na da haƙƙin mayar da kaya idan aibin da ke ɓoye ya bayyana, saboda haka wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Don haka muna kira ga shugabannin 'yan kasuwa da na masu gyara a Sokode, Dapaong da Sinkase su zauna su tsayar da ƙa'ida guda: kada a sayar da batir sai mai saye ya zo da kwamfutarsa da cajarsa, a saka a gabansa, ya ga yana caji, a zare caja ya ga ta ci gaba da aiki. A rubuta masa rasit mai ɗauke da lambar batirin da ranar saye da kwanakin da zai iya mayarwa, ko da mako guda ne. Mai saye kuma ya daina aiken yaro da sunan kwamfuta kawai a baki, ya daina neman mafi araha, domin araha ba ta ado.

Mai saye a kan iyaka yau yana nan, gobe yana Wagadugu ko Bawku, kuma duk inda ya je da labarinmu yake tafiya. Ribar batir ɗaya ba ta kai sunan da iyayenmu suka bar mana a waɗannan kasuwanni ba. Allah Ya sa mu gyara, Ya ba mu kasuwa mai albarka.