Ƙarfen Da Zai Taɓa Kanka, Kan Wa Ya Taɓa Kafin Kai?

'Yan'uwana ɗalibai, a harabar nan akwai laifin da in ka aikata sai a yi mako guda ana yi maka tsiya. Ka dawo daga hutu da ƙwal-kwabo mai sheƙi, a tambaye ka ina aka yi maka, ka ce wurin wanzami a kasuwar Boɗinga. Shi ke nan, ka zama baƙauye har ƙarshen zango. Amma wanda ya shiga shago mai madubi bango guda, janareto na ruri, kiɗa na tashi, aka zuga masa kilifar da ta bi kawunan mutane tun safe, shi ne ɗan birni, shi ne wayayye.

Ni ban yarda da wannan ma'aunin ba. A wurina tambaya ɗaya ce ke raba aski mai tsafta da aski mai haɗari: ƙarfen da zai taɓa fatarka, fatar wa ya taɓa kafin kai? In aka auna da wannan, reza sabuwa mai baki biyu, wadda muke rainawa, ta fi kilifar kowa-da-kowa nesa ba kusa ba. Shi ya sa nake kira ga kowane ɗalibi ya mallaki kayan askinsa, ya daina aro, ya daina ba da aro.

Bari in fara da wanzamin da muke yi wa dariya. Ni ɗan Shagari ne, duk tafiyata gida ta Boɗinga nake bi, kuma wanda ya san ranar kasuwa a garuruwan nan, ko Danchaɗi, ko Kajiji, ko Dandin Mahe, ya san inuwar wanzamai. Tabarma ce, da zabira, da ƙoƙon ruwa, da guntun sabulu. Sana'a ce ta gado mai sarautarta, Sarkin Aska, kuma ba ta tsaya ga aski ba: su ke askin suna, su ke kaciya, su ke ƙaho. Abin da na lura da shi shi ne, da yawa daga cikinsu sun ajiye tsohuwar askar da ake wasawa a dutse idan batun askin kai ne. Sai ka ga dattijo ya zaro reza daga takardarta, ya karya ta biyu, ya maƙala rabi a mariƙi, yana cewa, "Ɗana, duba da idonka, sabuwa ta, gabanka nika ɓare ta." Wannan maganar ta fi mini kowane kwalin da aka manna a bangon shago.

Ba ina wanke wanzamai gaba ɗaya ba ne. Har yanzu akwai mai aska ɗaya tilo da yake gogewa a tsumma ya ce na gaba ya matso. Akwai mai yi wa yara kaciya a jere da ƙarfe guda. Wannan ganganci ne, ko uban wa ya gada. Amma mu lura, laifin yana ga ƙarfen da aka yi tarayya a kansa. Tabarma ba ta da laifi, kujera mai juyawa kuma ba ta wanke kowa.

To, me ya sa nake ta jaddada zancen tarayya? Saboda ciwon hanta nau'in B. Babban binciken lafiya da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya gano cewa kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayar cutar. Wato kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu. Ka ƙirga kawunan da ke ɗakin lacca ɗaya, ka yi lissafin da kanka. Mafi yawan masu ita ba su sani ba, don tana iya shekaru ba ciwon kai ba zazzaɓi, sai daga baya ido ya yi rawaya a ce shawara ce a shiga jiƙe-jiƙe, alhali hanta ta riga ta ƙanƙance ko ta kamu da daji. Ƙwayar tana bin jini, ta fi ta ƙanjamau saurin kamu ninkin-ba-ninkin, kuma tana iya kai kwana bakwai da ranta a busasshen jinin da ido ba ya ma gani. Babba in ya kamu, galibi jikinsa kan kore ta. Jariri kuwa, kusan tara cikin goma takan zauna musu har girma. Ke nan ranar suna, lokacin da aka miƙa wa wanzami ɗan kwana bakwai, ba ranar jin kunyar tambayar reza ba ce.

Wani zai ce ai kilifa ba ta yanka. Haba malam! Wanda aka taɓa yi wa gyaran goshi da kilifar da aka wasa, aka shafa masa sifirit ya ji kamar an zuba masa barkono, ya san ta yanka. Raɗaɗin nan shi ne shaidar fata ta buɗe. A wani bincike da aka wallafa a 2018, wasu likitoci a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu sun karɓi kilifa 50 daga shagunan aski suka auna. Sun sami alamar jini a kashi 42 cikin ɗari, sun sami alamar ƙwayar ciwon hanta nau'in B a guda huɗu. Ba su sami ta ƙanjamau ba ko a ɗaya, kuma ba su ce duk wanda kilifar ta taɓa zai kamu ba. Amma ni dai ba na son jinin wani a ƙeyata. Kai fa?

Sannan dubi abin da ake kira tsaftacewa. A fesa sifirit sau ɗaya, a kyasta laita na daƙiƙa biyu, wuta ta yi bau, kowa ya gamsu. Wani ma fetur yake ɗigawa. Haƙoran kilifa biyu ne masu goga juna, kuma a tsakaninsu gashi da maiƙo ke maƙalewa. In ba a kakkaɓe an wanke ba, aka kuma bar maganin ya jima a kai, wasan wuta kawai aka yi mana. Ban da hanta, ga kora, ga makero, ga ƙurajen ƙeya da ke hana mutum sa hula cikin daɗin rai.

A ɗakunan kwananmu kuwa abin ya fi muni. Kilifa ɗaya ta zagaye bene guda. Rezar roba ɗaya, shebin-sitik ɗin nan, a ajiye ta a taga, mai ita ya yi, abokin ɗaki ya ɗauka "sau ɗaya kawai". In ka hana a ce ka cika rowa. Jama'a, mu ci gari kwano ɗaya, mu yi aron caja da guga da littafi. Amma reza da buroshin haƙori ba su shiga zumunci.

Mafitar da nake tallatawa ba sabuwa ba ce, tana cikin akwatin iyayenmu: mariƙin reza na ƙarfe, wanda ake warwarewa a sa reza mai baki biyu a ɗaure. Wani Ba'amurke mai suna King Camp Gillette ne ya fito da shi kasuwa. A 1903 mariƙi 51 da reza 168 kacal ya sayar. Da yaƙin duniya na ɗaya ya zo, aka raba wa sojojin Amurka miliyoyinsu, suka koma gida da al'adar. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya yaɗa rezar da ba ta saurin tsatsa, a 1975 kuma BIC na Faransa ya kawo ta roba wadda ake yarwa gaba ɗaya. Daga nan kamfanoni suka koma yin masu baki uku, huɗu, biyar, kowanne da kan da ba ya shiga mariƙin wani, don in ka sayi nasu ka zama nasu. Ita kuwa mai baki biyu ƙirarta ɗaya ce. Tiger ce, Nacet ce, Dorco ce, duk wadda ka samu a teburin mai kanti za ta zauna a mariƙinka.

Ga ɗalibi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mariƙin sau ɗaya ake saye, in ba ɓata ya yi ba har ka gama difloma ka tafi bautar ƙasa yana nan. Reza ɗaya takan yi maka aski uku ko huɗu. Ba ruwanka da an ɗauke wuta, ba ruwanka da layin ranar Juma'a, ba ruwanka da "mai ya yi tsada, mun ƙara kuɗi". Ɗauki biro ka haɗa abin da kake kashewa a shago cikin zango ɗaya, ka aza shi kusa da kuɗin fakitin reza. Bambancin zai sayi hand'awut ɗin da kake ta cewa ba ka da kuɗinsa.

Na san babbar hujjar masu ƙin reza, kuma hujja ce ta gaskiya: ƙuraje. Gashinmu murɗaɗɗe ne. In aka yanke shi ƙasa da fata, yana tsirowa sai ya lanƙwashe ya soki naman, wurin ya kumbura. Amma abin da ya fi jawo hakan shi ne reza mai baki da yawa, wadda baki na farko ke jan gashi na biyu ya datse shi can ciki, sai dasasshiyar reza, sai aski a bushe cikin gaggawa saura minti biyar lacca. Wanzami bai taɓa aza ƙarfe a busasshen kai ba, sai ya jiƙa ya murza ya sake jiƙawa. Mu koya daga gare shi. Ka jiƙa wurin da ruwan ɗumi na 'yan mintoci, bayan wanka ya fi. Ka tada kumfa sosai, da man aski ko sabulu mai laushi, da buroshi ko tafin hannu. Kada ka danna, nauyin mariƙin ya isa. Ka bi inda gashi ya kwanta, kada ka tasar masa, kada kuma ka ja fata ta miƙe. Ka wanke da ruwan sanyi, ka ɗan goga alif mai tsafta, naka na kanka, sannan ka shafa mai. A lokacin hunturu kada ka tsallake man, fata a tsage take. Wanda ya yi duk wannan ƙuraje suka ƙi barinsa, ya haƙura da reza, ya tara kuɗi ya sayi kilifarsa, ya riƙa zuwa da ita shago. Ƙa'idar ba ta sauya ba: ƙarfenka naka ne.

Masu gemu, kada ku ce wannan zancen 'yan gayu ne bai shafe ku ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa rage gashin baki, yanke farce, kawar da gashin hammata da na mara suna cikin tsaftar da addini ya koyar, kuma ba a so a wuce kwana arba'in ba a yi ba. Ke nan kowa na hulɗa da ƙarfe mai kaifi, ko yana da gemu har ƙirji. Ko a Mina, hukumomin Saudiyya kullum gargaɗin alhazai suke yi su je wurin masu askin da ke da izini, masu amfani da reza sau ɗaya. 'Yan'uwa mata, ku ma da ku nake. Rezar gyaran gira da ke yawo daga gado zuwa gado, da almakashin mai yankan farce da ke zagaya rumfuna, duk hukuncinsu ɗaya.

Reza na da nata sharrin, kuma dole a faɗa. In ka gama da ita ka wurga a kwandon shara ko bayan taga, ka ɗana wa wani tarko: dattijuwar da ke share mana ɗakuna, ɗan bola-jari, almajirin da zai tsinta ya yanke farce. Nemi gwangwanin madara, ka huda 'yar tsaga a murfin, duk wadda ta dasashe ka zura ta ciki. Sai ya shekara bai cika ba. In ya cika ka toshe bakin kafin ka yar.

Yanzu ga ƙoƙon barata ga shugabannin ƙungiyarmu, musamman masu kula da walwala da lafiya. Na farko, allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ta shiga jerin alluran yara a Nijeriya ne a 2004, kuma kowa ya san ba kowane gida a ƙauyukanmu ya kai yaransa ba. Da yawanmu ba mu da ita. Sau uku ake yi cikin wata shida. A nemi haɗin kan asibitin makaranta da hukumomin lafiya a ware ranakun gwaji da allura cikin rahusa. Ranar 28 ga Yuli ita ce ranar ciwon hanta ta duniya, ga dalili a hannu. Na biyu, a zauna da masu shagunan aski na ciki da bakin makaranta, cikin mutunci, a yi yarjejeniya: reza sabuwa gaban mai kai, kilifa a wanke ta yadda ya kamata, wanda ya zo da tasa kada a harare shi. Su ma abinci suke nema, kuma hannunsu ne ya fi kowa kusa da jinin. Na uku, a ajiye gwangwanin zuba reza a kowane banɗaki. In ana iya buga riguna da hulunan makon ɗalibai, ana iya wannan.

Mu kuma da ke komawa Boɗinga da Shagari da sauran garuruwa lokacin hutu, akwai aiki a kanmu. In za a yi suna ko kaciya a gidanku, saya reza ka kai da hannunka. Ka gaida wanzami da ladabi ka ce, "Baba, ga wagga, a yi muna da ita." Ba zai ƙi ba, an rage masa kashe kuɗi ne. Karatun da bai kare kan ƙanenka ba, ban san amfaninsa ba.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ni ƙari ɗaya zan yi: in ka shafa ruwan, ka tada kumfa, rezar da za ta biyo baya ta kasance taka. Allah ya ba mu lafiya, ya ba mu sa'ar jarrabawa.