Hukunci Ɗaya, Ma'auni Biyu: Abin Da Ya Faru A Filato

Duk lokacin da aka gama zaɓe a ƙasar nan, abin da ake gaya wa wanda yake ganin an zalunce shi shi ne ya tafi kotu. To, bari mu duba abin da kotun ta aikata a Jihar Filato bayan zaɓen 2023, domin a ganinmu ba a ba wa al'amarin nauyin da ya cancanta ba.

Jam'iyyar PDP ce ta lashe kujerar gwamna a jihar, da kujerun sanata biyu, da mafi yawan kujerun majalisar dokokin jiha. Waɗanda suka sha kaye suka garzaya kotu, amma babbar hujjarsu ba satar akwati ba ce, ba kuma aringizon ƙuri'a ba. Cewa suka yi jam'iyyar ta ƙi bin umarnin babbar kotun jiha na ta sake zaɓen shugabanninta, don haka ba ta da halaccin tsayar da ɗan takara. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta karɓi wannan hujja, ta bi zaɓaɓɓun ɗaya bayan ɗaya tana tuɓewa: Sanata Simon Mwadkwon, shugaban marasa rinjaye na Majalisar Dattawa a lokacin, da Sanata Napoleon Bali, wanda aka miƙa kujerarsa ga tsohon gwamna Simon Lalong, da 'yan Majalisar Wakilai 5, da 'yan majalisar jiha 16, har da Gwamna Caleb Mutfwang kansa.

Shi gwamna yana da sauran mataki, sai ya wuce Kotun Ƙoli. Ranar 12 ga Janairu, 2024, kotun ta mayar masa da kujerarsa, ta ce tsayar da ɗan takara lamari ne na kafin zaɓe, wanda kotun sauraron ƙarar zaɓe ba ta da hurumin shiga cikinsa. Wato dai hujjar da aka tuɓe su da ita gaba ɗaya ba ta da tushe.

To ina 'yan majalisar? Sun tafi ke nan. Sashe na 246 na tsarin mulkin 1999 ya ce shari'ar zaɓen ɗan majalisa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa. Kotu mafi girma a ƙasa ta bayyana cewa an yi kuskure, amma waɗanda kuskuren ya ɗora a kan kujeru suka ci gaba da zama, suna yi wa jama'ar da ba ta zaɓe su ba doka. Mu ba 'yan wannan jam'iyya ba ne, ba kuma 'yan waccan ba. Da a kan abokan hamayyarsu abin ya faɗa, haka za mu faɗa. Wanda aka zalunta na haƙiƙa shi ne talakan da ya yini a layi cikin rana.

Masu kare wannan tsari suna cewa dole shari'a ta zama tana da iyaka, tunda wa'adin shekara 4 ne, ga kwana 180 a kotun farko, ga kwana 60 na ɗaukaka ƙara. Maganarsu tana da fuska. Sai dai kafin gyaran tsarin mulki na 2010 shari'ar gwamnoni ma a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa, aka ga illar hakan, aka buɗe musu ƙofar Kotun Ƙoli. Me ya sa abin da aka ga ya zama wajibi ga gwamna bai zama wajibi ga wakilin jama'a ba?

Idan an ce Kotun Ƙoli ba za ta iya ɗaukar ɗaruruwan ƙararraki ba, to a taƙaita ƙofar ga saɓanin fassarar doka kawai. Kuma duk inda aka soke nasarar wani bisa dalilin da bai shafi ƙidayar ƙuri'a ba, a mayar da zaɓen ga jama'a, kada a ɗauki kujera a ba wa wanda ya zo na biyu. 'Yan majalisar da ke da ikon yin wannan gyara su ne dai waɗanda gobe hukuncin zai iya faɗawa kansu.