Tarihin Daura Ya Fi Ƙarfin Faifan CD

A shekarun 2000 ne masu ɗaukar bidiyo a Daura suka fara barin kaset suna komawa faifan CD da DVD. Hawan Sallar Gani, tafsirin watan azumi, har da hotunan zamanin marigayi Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya rasu a 2007, da yawansu a irin wannan faifai suke kwance, masu su na zaton sun tsira. A ganina, da sauran rina a kaba.

Faifan da ake tura wa bayani a kwamfuta ba ɗaya yake da bugun kamfani ba. A cikinsa akwai wani siririn shafen rini wanda hasken leza ke ƙonawa, kuma a nan bayanin yake zaune. Rini kuwa koɗewa yake yi, kamar rigar da aka bari a rana. Zafin bazara, da kan haura digiri 40 a Afrilu, da laimar damina, duk suna gaggauta lalacewarsa.

Shin ingancin faifan na da tasiri? Ƙwarai kuwa. Na Taiyo Yuden, kamfanin Japan da ya ƙirƙiro CD-R a 1988, ko mai shafen zinariya, ya fi ƙarko nesa ba kusa ba. Amma marar suna muka fi saye, alhali araha ba ta ado.

Don haka ina kira ga Majalisar Masarautar Daura da ta tattaro waɗannan faya-fayai, a kwafe su zuwa rumbun kwamfuta, a ajiye a wurare biyu daban-daban. Sababbin kwamfutoci ma yawanci ba sa zuwa da gurbin saka faifai.