Shaidar Ɓera a Gaban Likita

A shekarar 1971 wani likitan tiyata a birnin Boston na ƙasar Amurka, mai suna Judah Folkman, ya fito da wata da'awa wadda da yawa daga abokan sana'arsa suka yi wa kunnen ƙashi, cewa ƙullutun ciwon daji ba ya wuce milimita ɗaya ko biyu face ya jawo wa kansa sababbin jijiyoyin jini da za su ciyar da shi, saboda haka wanda ya tare masa wannan hanya ya hana shi girma. Hujjarsa kuwa daga dabbobi ta zo, domin da aka dasa ɗan ƙullutun a fatar gaban idon zomo, inda Allah bai halicci jijiya ba, sai aka ga jijiyoyi suna tsirowa daga gefe suna nufarsa. A 1989 Napoleone Ferrara ya gano sinadarin VEGF mai kiran jijiyoyin, aka toshe shi a jikin ɓeraye ciwonsu ya tsaya, har a 2004 hukuma a Amurka ta halatta maganin Avastin, mai toshe sinadarin, ga masu dajin hanji.

Wannan falala ce, ba mu musunta ba. Amma a ra'ayinmu shaidar ɓera tana da haddi, kuma mu 'yan jarida ne muka fi kowa tsallake shi. A 1998 aka yayata wasu magunguna biyu na Folkman da suka kusa shafe ciwon a ɓeraye, marasa lafiya suka yi ta roƙon a ba su, alhali da aka zo kan bil'adama fa'idar ba ta kai yadda aka zata ba. Shi Avastin ɗin ma a 2011 an janye izininsa game da dajin nono a Amurka. Illar a fili take: ƙullutun da aka dasa wa ɓera mai raunin garkuwar jiki, ya girma cikin 'yan makonni, bai yi daidai da wanda ya shekara yana ɓuya a jikin dattijo ba.

Muna roƙon masana su ci gaba da bincike, bisa sharaɗin kada a ɗauki ran dabba sai da larura, a rage yawansu, a sauƙaƙa musu azaba, domin amana ce a hannunsu. Editoci kuma, duk labarin maganin da aka jarraba a kan ɓera kaɗai, wajibi ne kalmar ɓera ta fito tun daga kanunsa.