Mu Kai Yara Bakin Tafki Kafin Hunturu Ya Wuce

'Yan'uwa malamai, duk shekara idan damina ta ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa, wasu baƙi kan sauka a fadamun Haɗeja da Nguru. Agwagin ruwa ne da sauran tsuntsaye, dubbai a kan dubbai, waɗanda suka taso daga arewacin Turai da yankin Saberiya, suka ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara domin guje wa ƙanƙarar ƙasashensu. Sukan fara isowa wajen watan Oktoba, su juya gida a watan Maris ko Afrilu. Masana na duniya sun san darajar wannan wuri: a shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa, a 2008 kuma aka ƙara da tafkin Dagona na Jihar Yobe. Amma yaron da makarantarsa ba ta fi tafiyar rabin sa'a daga bakin ruwan ba, sai ya gama aji shida bai san akwai wannan labari ba. Ra'ayina shi ne, kowace makarantar firamare da ke kusa da tafki ko fadama ta kai ɗalibanta kallon tsuntsaye, aƙalla sau ɗaya tsakanin Disamba da Fabrairu.

Dalili na farko shi ne darasin kimiyya kansa. Muna rubuta wa yara rabe-raben halittu a kan allo, su haddace, su zuba a takardar jarrabawa, su manta. A bakin ruwa kuwa ido ne ke aiki. Yaro zai ga kirinjijiya da farar fuskarta, ya ji fitonta idan garkenta ya tashi. Zai ga dinya, babba, baƙa mai farin ciki da jan baki. Zai lura da wata agwagwa baƙuwa wadda namijinta ke da doguwar wutsiya mai tsini. Idan ya ɗaga kai, zai koyi gane shirwa da wutsiyarta mai baki biyu, ya bambanta ta da wani shaho ɗan ci-rani da ke shawagi ƙasa-ƙasa a kan ciyawar ruwa, fukafukansa a ɗan ɗage sama. Girma, siffar baki, launi, yadda tsuntsu ke tashi da inda yake kiwo: da waɗannan biyar masana ke tantance tsuntsaye, kuma ɗan aji huɗu zai iya riƙe su. Gani ya kori ji.

Dalili na biyu shi ne harshenmu. Manomi ya san zuwan shamuwa albishir ne na damina. Masunci ya san zalɓe da jinjimi da kwasakwasa da gauraka, ya san halin kowannensu. Yaranmu kuwa, in ka nuna musu waɗannan, da yawansu za su ce maka "tsuntsu" kawai. Sunan da aka daina kira ɓacewa yake yi, kuma tare da shi sanin da kakanni suka tara ke tafiya. Dattijon masunci guda, in aka gayyace shi ya raka aji, zai koyar da abin da babu shi a littafin da ke hannunmu.

Dalili na uku ya fi nauyi. Ruwan da ke malala a fadamun nan ya ragu tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ta cinye gonaki da wuraren su. Ungulu, wadda a da ba a rasa ta a kowace mahauta, tun 2015 masana suka sanya ta cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Yaran da ke zaune a gabanmu yau, su ne gobe za su yanke shawara kan ruwan nan, a matsayin manoma, masunta, kansiloli da sarakuna. Wanda ya taɓa zama shiru yana ƙirga agwagi zai yi tunani sau biyu kafin ya ɗana musu tarko ko ya zuba guba a ruwa.

Na san abin da wasu za su ce: aji ya cika maƙil, babu kuɗin mota, babu madubin hangen nesa, ga tsoron kada yaro ya faɗa ruwa ko ya kwaso tsargiya. Duka gaskiya ne, kuma kowanne yana da magani. A raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni da malami ko wakilin iyaye. A nemi izinin iyaye da na mai unguwa, a tabbatar da lafiyar hanya, a tafi da sassafe a dawo kafin rana ta yi zafi. Doka ɗaya tak: ba mai taɓa ruwa, ba mai riƙe danƙo. Kayan aiki kuwa littafi ne da fensir. Kowane yaro ya zana abin da ya gani, ya rubuta adadinsa. Da an koma aji, wannan ƙidaya ta zama darasin lissafi, zanen ya zama darasin fasaha, labarin tafiyar kuma ya zama insha'i.

A kowane watan Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa na duniya, aikin da aka fara tun 1967, kuma fadamunmu na cikin wuraren da ake ƙirgawa. Ina roƙon shugabannin reshenmu su tuntuɓi ma'aikatan gandun Dagona da masu wannan ƙidaya, a shirya wa malamai bita ta yini ɗaya, sannan a nemi hukumar ilimi ta amince da fitar a cikin jadawalin zango na biyu. Ko makarantu biyar ne suka fara a bana, ya isa a ga amfanin abin. Baƙin nan dai za su tashi a watan Maris, saboda haka shawarar ta wannan zama ce, kada a ɗage ta zuwa na gaba.